Matsayin Lasifika da Ma'aunin Nisa a Cikin Fayil ɗin Sauti

Duk sautin da aka naɗa a na'ura a wannan zamani, ko karatun Alƙur'ani ne, ko waƙar mawaƙan coci, ko muryar 'yan wasa a cikin fim, yana zaune ne a cikin fayil a matsayin dogon jerin lambobi, kowace lamba tana nuna ƙarfin motsin iska a wani ɗan mitsitsin lokaci. A aikin talabijin da fim akan ɗauki irin waɗannan lambobi sau 48,000 a kowane sakan, a faifan CD kuwa sau 44,100, kuma jeri guda na lambobin shi ake kira layin sauti, wato rabon da zai tafi zuwa lasifika guda. Idan layin ɗaya ne tak babu abin tambaya, domin duk inda lasifikar take nan sautin zai fito. Amma da zarar layukan sun kai biyu, ko shida, ko ashirin da huɗu, sai tambayoyin da lambobin ba sa iya amsawa su taso: wane layi ne na wace lasifika, a ina lasifikar take tsaye idan aka auna daga mai sauraro, kuma da wane ma'auni aka auna nisan nata. Amsar waɗannan tambayoyi tana zama ne a wani ɗan sashe na fayil da za a iya kira bayanan rakiya, wato rubutun da ke tafiya tare da sautin yana bayyana shi, kuma tsarin fayil, kamar WAV ko FLAC ko CAF, shi ne ƙa'idar da ta tanadi yadda za a rubuta wannan bayani.

Maganar ta shafi mutanen da ke cin abinci da sauti a unguwannin kudancin kogin Kaduna, tun daga masu ƙananan situdiyo a Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, da masu ba da hayar kayan sauti a zaurukan biki, har zuwa matasan da ke riƙe da mikisa a manyan coci-coci da masallatan Juma'a na Kakuri da Makera da Nasarawa. Waɗannan mutane suna aiki ne a cikin gari mai ma'auni iri biyu. Najeriya ta koma tsarin mita da kilo tun a shekarun 1970, amma har yau ana yanka fili ƙafa hamsin a ɗari, ana sayar da atamfa yadi shida, magini yana auna bulo da inci, alhali injiniya yana zana gini da mita. Yankin masana'antu na Kakuri kansa shaida ne, domin masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957 ta fitar da kayan da ake sayarwa da yadi, kamfanin Peugeot kuwa, wanda ya fara haɗa motoci a wannan yanki a 1975, ya zo da kusoshi da sifanu masu awon milimita irin na Faransa. A irin wannan muhalli, lamba 30 da aka rubuta ba tare da sunan ma'auni ba tana iya zama abu biyu mabambanta ga mutum biyu da ke aiki a zaure ɗaya.

Asalin matsalar ya faro ne daga sitiriyo, wato sauti mai layi biyu, wanda injiniyan Ingila Alan Blumlein na kamfanin EMI ya yi wa rajistar ƙirƙira a 1931. Al'ada ta zaunar da cewa layi na farko na hagu ne, na biyu na dama, kuma hagun da ake nufi shi ne hagun mai sauraro da ke fuskantar lasifikokin, wanda yake daman mai magana ne idan yana tsaye a kan dandamali yana fuskantar jama'a. Da kamfanonin Microsoft da IBM suka fito da tsarin WAV a 1991, wannan al'ada ta wadatar, shi ya sa kan fayil ɗin ya faɗi adadin layuka da saurin ɗaukar lambobi, ya yi shiru game da matsayin lasifika. Shirun bai zama illa ba sai da tsarin 5.1 ya bazu a gidajen sinima da faifan DVD a shekarun 1990, tsarin da ke da lasifika uku a gaba, biyu a gefe zuwa baya, da layi na shida na sauti mai kauri zalla wanda akan tura wa lasifikar da ake kira wufa. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, mai hedikwata a Jeniba, ta tsara matsayinsu a shawararta mai lamba BS.775: ta tsakiya a digiri 0, ta hagu da ta dama a digiri 30 kowane ɓangare, na baya kuwa tsakanin digiri 100 zuwa 120, dukkansu a kan da'ira guda wadda mai sauraro ke zaune a tsakiyarta.

Abin da shawarar ba ta iya tilastawa ba shi ne jerin da layukan shida za su bi a cikin fayil, kuma a nan ne kowane kamfani ya kama gabansa. A tsarin WAV da FLAC jerin shi ne hagu, dama, tsakiya, wufa, sannan na baya biyu. A al'adar masu haɗa sautin fim, wadda tsarin Vorbis ma yake bi, jerin shi ne hagu, tsakiya, dama, na baya biyu, wufa a ƙarshe. Tsarin AAC kuwa, wanda ke cikin mafi yawan bidiyon da ake kallo a waya, yana farawa ne da tsakiya. Illar wannan saɓani ta fi bayyana a kan layin tsakiya, domin a nan ake ajiye maganar 'yan wasa kusan gaba ɗayanta. Idan aka karanta fayil mai jerin fim da ƙa'idar WAV, magana za ta koma lasifikar dama, kiɗan dama ya dawo tsakiya, sautin baya na hagu ya faɗa cikin wufa. Idan kuwa kuskuren ya jefa layin tsakiya cikin layin wufa, wanda ba a ba shi damar wuce girgiza 120 a sakan ba, abin da zai rage na muryar ɗan wasa gurnani ne kawai, domin alamomin da kunne ke rarrabe baƙaƙe da su, kamar bambancin k da ƙ ko s da ts, suna can sama da wannan iyaka nesa ba kusa ba.

Wani zai iya cewa wannan damuwar masu gidajen sinima ce, tunda mafi yawan masu kallon fina-finan Hausa a Kaduna suna kallo ne a waya ko a talabijin mai ƙananan lasifika biyu. Gaskiyar lamarin ita ce irin wannan mai kallo shi ya fi kowa cutuwa. Na'urar da ke da lasifika biyu dole ta taƙaita layuka shida su koma biyu, kuma ƙa'idar taƙaitawar ita ce a rage ƙarfin layin tsakiya da desibel 3 a raba shi ga hagu da dama, a zuba na baya a ɓangarorinsu, a yi watsi da layin wufa a mafi yawan lokuta. Saboda haka maganar da aka saka a gurbin wufa bisa kuskure tana ɓacewa ɗungurungum, mai kallo ya ga baki yana motsi, kiɗa yana tashi, ba ya jin ko kalma ɗaya.

Maganin farko da aka kawo shi ne laƙabi. A wajajen shekarar 2000 Microsoft ya faɗaɗa tsarin WAV da wata alama da ke ɗauke da gurabe 18 masu suna, kamar gaba-hagu, gaba-dama, gefe-hagu, baya-tsakiya, sama-gaba-hagu, ta yadda fayil zai nuna waɗanne gurabe ya cika. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma har yanzu ana amfani da shi a situdiyo. Sai dai laƙabi ba ya faɗin kusurwa. Lasifikar da ITU ta ajiye a digiri 110 ba ta gefe sosai, ba ta kuma baya sosai, don haka wasu manhajoji suka kira ta baya-hagu, wasu suka kira ta gefe-hagu, har aka wayi gari da 5.1 iri biyu masu alama daban-daban a kan tsari ɗaya na ɗaki. Haka kuma gurabe 18 ba su isa tsarin 22.2 na gidan talabijin na NHK a Japan ba, wanda ke da layuka 24 a hawa uku, har da lasifikokin da ke ƙasa da kunnen mai sauraro. Duk jerin sunayen da aka rufe, wata rana za a gina ɗakin da ya fi ƙarfinsa.

Daga nan hankali ya koma kan lambobi, wato a rubuta matsayin kowace lasifika da awo. Hanyoyin yin hakan biyu ne. Ta farko tana amfani da kusurwar juyawa, wadda ke nuna yadda mai sauraro zai juya kansa hagu ko dama kafin ya fuskanci lasifikar, da kusurwar ɗagawa, wadda ke nuna yadda zai ɗaga kai ko ya sunkuyar, sannan da nisa. Ta biyu tana auna ɗaki da layuka uku masu gicciye juna, na hagu zuwa dama, na baya zuwa gaba, da na ƙasa zuwa sama. Kowacce tana da wurinta: ta kusurwa ta dace da yadda kunne ke ji, domin kunne ya fi gane ɓangaren da sauti ya fito fiye da nisansa, ta layuka uku kuwa ta dace da zaure mai kusurwa huɗu inda lasifikoki ke jere a bango.

Amma lamba ma tana da nata tarkon, kuma ya fi na laƙabi ɓoyuwa. Tsarin CAF da kamfanin Apple ya fito da shi a 2005 yana ba da damar rubuta matsayin kowane layi da lambobi uku, kuma a cikinsa kusurwa mai alamar ƙari tana nufin dama, mai alamar ragi tana nufin hagu. Tsarin bayanin sauti na ITU, wanda ake kira ADM, da aka wallafa a 2015 a shawara mai lamba BS.2076, ya ɗauki akasin haka: ƙari hagu ne, ragi dama, shi ya sa laƙabin M+030 a shawarar BS.2051 yake nufin lasifikar gaba ta hagu a tsayin kunne. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, domin ɗaya ya bi al'adar masu safiyo da matuƙa jirgi, waɗanda ke ƙirga kusurwa daga arewa su bi juyawar hannun agogo, ɗayan kuma ya bi al'adar masana lissafi, waɗanda ke ƙirgawa saɓanin hannun agogo. Ɗalibin safiyo a harabar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Barnawa yana haɗuwa da al'adun biyu a darussa daban-daban, kuma yana sanin wacce ake nufi ne daga malamin da ke gabansa. Manhajar kwamfuta ba ta da wannan gata. Idan ta kwashe lamba 30 daga wannan tsari ta zuba a wancan ba tare da juya alama ba, duk ɗakin sauti zai kife kamar hoton madubi, motar da ke wucewa daga hagu a allo a ji ta tana tahowa daga dama, kuma babu wani saƙon gargaɗi da zai bayyana, tunda lambar halattacciya ce a tsarin biyu.

Haka batun yake a layuka uku masu gicciye. A ADM layin X yana nuna dama, Y yana nuna gaba, amma a tsarin Ambisonics, wanda masanin lissafi Michael Gerzon na Oxford da abokan aikinsa suka gina a shekarun 1970, X yana nuna gaba, Y yana nuna hagu. Sannan akwai batun ma'aunin kusurwar kanta, domin mutane suna magana da digiri, manhajoji da yawa kuwa suna lissafi da radiyan, ma'aunin da ke raba da'ira zuwa kusan 6.28 maimakon 360. Digiri 30 daidai yake da radiyan 0.52, kuma idan aka karanta 0.52 a matsayin digiri, lasifikar hagu da ta dama za su haɗe a tsakiya, sitiriyo ya koma layi ɗaya.

Nisa shi ne inda maganar ma'auni ta fi nauyi, saboda nisa a aikin sauti lokaci ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan idan zafin iska yana digiri 20 a ma'aunin Selsiyas, wato yana cin kusan milisakan 2.9 a kowace mita, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. A dogon zaure, irin na manyan coci-coci ko na rumfar masallaci ranar Juma'a, akan ƙara lasifika a tsakiya domin mutanen baya, kuma dole a jinkirta sautinta ya jira isowar sautin lasifikar gaba, in ba haka ba mai sauraro zai ji kalma ɗaya sau biyu. Idan tazarar da ke tsakaninsu mita 30 ce, jinkirin da ake buƙata kusan milisakan 87 ne. Idan na'ura ta ɗauki wannan 30 a matsayin ƙafa, alhali ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, za ta lissafa tazarar mita 9 da 'yan kai, ta ba da jinkirin milisakan 27, a sami giɓin milisakan 60. Binciken Helmut Haas na Jamus a kan yadda kunne ke haɗe sautuka biyu masu bin juna ya nuna cewa kunne yana narkar da su su zama ɗaya ne muddin tazarar ba ta wuce 'yan gomomin milisakan ba, kuma giɓin 60 ya riga ya shiga yankin da magana ke amsa kuwwa, huɗuba ko wa'azi ya cakuɗe a kunnen na sahun baya. Lamba maras ma'auni daidai take da mai saye da ya tsaya gaban mai hatsi ya ce a ba shi uku, bai ce mudu ba, bai ce tiya ba, bai ce buhu ba. Irin wannan sakaci ne ya salwantar da kumbon Mars Climate Orbiter na hukumar NASA ta Amurka a watan Satumba na 1999, lokacin da wata manhaja ta ba da lissafin ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam, ɗayar kuma ta karɓe shi a matsayin niyuton.

Akwai dalilin da ya sa ya fi kyau fayil ya ajiye nisa da mita a kan ya ajiye jinkiri da milisakan, kuma yanayin Kaduna ya isa misali. Gudun sauti yana ƙaruwa da kimanin mita 0.6 a sakan a duk digiri ɗaya na zafi, don haka a sanyin asubar hunturu, idan iska tana digiri 15, gudun mita 340 ne a sakan, a tsakar ranar bazara mai digiri 35 kuwa ya kai 352. A kan tazarar mita 30 bambancin milisakan 3 ne, ba mai yawa ba, amma yana nuna wanne ne tabbatacce, wanne ne mai sauyawa: bango da lasifika suna nan inda aka kafa su, lokacin tafiyar sauti ne ke bin yanayi. Mafi rauni duka shi ne rubuta jinkiri da adadin lambobin sauti, domin lambobi 4,800 milisakan 100 ne a fayil mai saurin 48,000, amma kusan milisakan 109 ne a mai saurin 44,100, kuma sauya saurin fayil abu ne da ake yi kullum a situdiyo ba tare da an tsaya tunani ba.

Tambaya mafi zurfi ita ce ko ya kamata fayil ya ambaci mita tun farko. Mai haɗa waƙa a ɗaki mai faɗin mita huɗu a Barnawa bai san ko za a saurari aikinsa a mota, ko a iyafis, ko a zauren biki mai ɗaukar mutum dubu ba, saboda haka cewa lasifikar hagu tana nisan mita 1.8 labarin ɗakinsa ne, ba umarni ga ɗakin kowa ba. Wannan ne ya sa aka samar da nisa na gwargwado, inda lamba 1 take nufin da'irar lasifikoki komai girmanta, 0.5 kuma rabin hanya tsakanin mai sauraro da ita. Tsarin CAF yana da wata alama guda wadda idan an ɗaga ta lambobin mita ne, idan an sauke ta na gwargwado ne, ADM kuwa yana rubuta nisa da gwargwado sannan ya ba da gurbi na daban inda za a faɗi mita nawa ce lamba 1 ɗin, ga wanda yake buƙata. Hanyar ADM ta fi aminci, domin alama guda da manhaja za ta iya mantawa da dubawa ƙaramin mataki ne ga babban bambanci, alhali gurbi mai suna yana tilasta wa mai karatu ya san abin da ya karanta. Abin da ke ƙarƙashin wannan duka shi ne bambanci tsakanin bayani iri biyu da akan cakuɗa: niyyar mai haɗa sauti, wato ɓangaren da yake so a ji muryar ta fito, da siffar ɗakin da ake sauraro a cikinsa. Na farko haƙƙin fayil ne. Na biyu haƙƙin na'urar kunnawa ne, wadda ita ce ta san inda lasifikokinta suke, kuma ita ce za ta daidaita jinkiri da ƙarfi, tunda a fili sauti yana raguwa da desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka.

Sababbin tsare-tsare sun ɗauki wannan rabo da muhimmanci. Dolby Atmos, wanda ya fara bayyana a sinima a 2012, da MPEG-H, wanda Koriya ta Kudu ta ɗauka a watsa shirye-shiryen talabijin ɗinta masu tsananin kyawun hoto a 2017, suna ba da damar ajiye sauti a matsayin ƙwaya mai zaman kanta, wadda ke ɗauke da bayanin inda take a kowane lokaci, ba tare da an ɗaure ta da wata lasifika ba, sannan manhajar rarrabawa ta raba ta ga lasifikokin da ta tarar, ko biyu ne ko sittin da huɗu. Ambisonics ya bi wata hanyar, inda layuka huɗu ko tara ko sha shida suke siffanta filin sauti gaba ɗaya, ba kowane layi da lasifikarsa ba. Sai dai shi ma bai tsira daga rikicin al'ada ba, domin tsohon salonsa na FuMa yana jera layukan W, X, Y, Z tare da rage W da desibel 3, sabon salo na AmbiX da aka gabatar a 2011, wanda YouTube ke karɓa a bidiyo mai kewaye, yana jera su W, Y, Z, X ba tare da wannan ragi ba. Fayil ɗin WAV mai layi huɗu ba ya nuna wanne ne a cikinsu, kuma da yawa daga masu aiki suna dogara ne da sunan da aka raɗa wa fayil ɗin, abin da kan ɓace da zarar an tura shi ta waya.

Ma'aunin ƙarfin sauti shi ma yana rataye ne da sanin matsayi. Desibel ba ma'auni ne mai tsayuwa da ƙafarsa ba, gwaji ne tsakanin abu biyu, don haka sai an faɗi abin da aka gwada da shi: dBFS yana auna daga ƙololuwar abin da fayil zai iya ɗauka, dBu daga bolt 0.775 a cikin wayar lantarki, dB SPL daga mafi ƙarancin sautin da kunne ke iya ji a iska. Ma'aunin LUFS, wanda ya samo asali daga shawarar ITU mai lamba BS.1770 ta 2006, kuma Ƙungiyar Gidajen Rediyo da Talabijin na Turai, EBU, ta gina a kansa ta tsayar da -23 a matsayin mizanin shirye-shirye a 2010, yana ba layukan baya ƙarin nauyin kusan desibel 1.5, yana kuma cire layin wufa daga lissafi. Layin wufa kuma ana kunna shi da ƙarin desibel 10 a kan sauran. Ma'ana, fayil ɗin da laƙabinsa ya rikice zai ba da awon ƙarfi na ƙarya, a ɗaga shi ko a sauke shi bisa wannan ƙarya kafin ya fita a iska.

Wani ƙaramin abu da ya shafi masu musayar aiki tsakanin Kaduna da Maraɗi ko Damagaram shi ne alamar ɗigo. A Najeriya 1.5 ake rubutawa, a Nijar mai bin salon Faransa 1,5 ake rubutawa, kuma kwamfutar da aka saita da wannan harshe ko wancan tana iya fitar da lambobi da salonta a cikin bayanan rakiya idan manhajar ba ta yi hattara ba. Kyakkyawan tsari yakan tsayar da salo ɗaya tilo a cikin fayil, ya bar wa allon kwamfuta ya nuna wa kowa abin da ya saba, mita ko ƙafa, ɗigo ko waƙafi.

Misalin da ya fi cancanta a yi koyi da shi shi ne tsarin SOFA, wanda Ƙungiyar Injiniyoyin Sauti, AES, ta amince da shi a 2015 domin adana awon yadda sauti ke isa kunne daga ɓangarori daban-daban. A cikinsa kowane matsayi yana tafiya da rubutu biyu, ɗaya yana faɗin irin awon, na kusurwa ne ko na layuka uku, ɗayan yana faɗin ma'aunin ƙarara, digiri da digiri da mita. Kuɗin wannan bayani 'yan haruffa ne a cikin fayil mai miliyoyin lambobi. Daga nan ake iya fitar da hukunci a kan abin da ya wajaba ga kowane tsarin fayil: ya faɗi inda awo ya fara da inda gaba take, ya faɗi ɓangaren da ƙari ke nufi, ya tsayar da digiri ga kusurwa da mita ga nisa na haƙiƙa bisa tsarin ma'auni na duniya da aka amince da shi a 1960, ya rubuta sunan ma'aunin duk da haka, ya haɗa laƙabi da lamba ta yadda tsohuwar na'ura za ta karanta laƙabin, sabuwa ta karanta lambar, kuma ya bayyana wanne ke rinjaye idan suka saɓa. Ya kamata kuma ya tanadi hanyar cewa ba a san matsayi ba, domin fayil mai layi takwas da aka naɗa daga makirfo takwas a wajen taro ba tsarin lasifikoki na 7.1 ba ne, kuma manhajar da ke cike giɓi da zato ta fi wadda ta tsaya ta yi tambaya haɗari.

Ba masu situdiyo na Kaduna ne ke rubuta waɗannan ƙa'idoji ba, amma su ne ke cike gurabensu. Garin da ke watsa shirye-shiryen rediyo da talabijin tun 1962, lokacin da aka kafa kamfanin watsa labarai na Arewa, BCNN, yana da tarin muryoyin da za a ci gaba da juyawa daga kaset zuwa fayil, kuma tsarin BWF da EBU ta fitar a 1997, da magajinsa BW64 na 2015 wanda ya tsallake iyakar gigabait 4 ta tsohon WAV yake kuma ɗaukar bayanan ADM, suna da guraben rubuta wanda ya naɗa, da ranar naɗi, da hanyar da sautin ya bi. Abin da ake roƙon gidajen rediyo da talabijin shi ne kowanne ya rubuta wa masu kawo masa aiki jerin layukan da yake karɓa da mizanin ƙarfin da yake bi. Abin da ake roƙon mai haɗa sauti kuwa shi ne ya duba laƙabin kowane layi kafin ya miƙa aiki, ya rubuta mita ko ƙafa kusa da duk nisan da ya auna a zaure, sannan ya saurari aikin a ƙaramar waya mai lasifika ɗaya, domin a nan ne mafi yawan mutanen gari za su ji shi.